Kujerar Baya ta Fijon Baba

Barci ya ɗauke ni bayan azahar a garejin Malam Tsalha, ina zaune cikin tsohuwar Fijon da Baba ya bari. Shokazoba, wato abin da ke shanye girgizar mota, iri biyu Tsalha ya ajiye min a kan bonet. Ɗaya mai tauri, wadda ke sa mota ta zauna ƙasa ta yi kyau, irin wadda na saba gani a Jamus inda na yi karatu. Ɗaya mai laushi, irin ta asali. Na riga na nuna mai taurin. Ya ce, "To Injiniya, motarka ce. Bari in ci abinci in dawo." Raina bai kwanta ba, ban kuma san dalili ba. Da wannan mota nake kai Inna asibiti duk Talata saboda ciwon bayanta, don ta ƙi shiga wata.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni da babu gidaje a cikinsa, sai hanyoyi. Wani dattijo yana tsaye da tsumman goge mota a kafaɗa. Baba ne, kamar bai rasu ba.

Ya ce, "Lirwanu, ka yi ƙiba. Taho."

Muka fara da wata hanya mai ramuka. Manyan motoci suna wucewa, an ɗaure mutane a ƙarƙashinsu, kusa da taya. Duk ramin da aka faɗa, sai jikinsu ya matse ya kuma miƙe, baƙin mai yana ɗiga daga gaɓoɓinsu. Hannayensu duk fenti.

Na ce, "Baba, su wane ne waɗannan?"

Ya ce, "Masu wanke mataccen kaya su yi masa fenti, su sa a kwali, su rantse sabo ne. Aikin da kayansu bai yi ba, shi suke yi."

Gaba kaɗan na ga wasu da manyan riguna, kwance cikin ramukan, taya tana bi ta kansu. Ya ce, "Waɗanda aka ba amanar hanya ne. Kowa ramin da ya bari aka ba shi ya cike da jikinsa. Ramin kuwa ba ya cika."

Na ga direbobi suna gudu a ƙasa, an yi musu lodi har wuya. Su ne masu dariya idan tsohuwa ta ce a rage gudu.

Na ji sanyi a raina, don ba na cikin ko ɗaya.

Daga nan muka shiga wani layi shiru. Motoci masu sheƙi a jere. A kujerar bayan kowace akwai mutum zaune, ba sarƙa, ba wuta. Motocin ba sa tafiya, amma mutanen suna zabura suna cije leɓe, an hana su kuka.

"Waɗannan fa?"

"Ba su cuci kowa a kasuwa ba. Sun ɗauki tsofaffinsu a mota, ba su taɓa duba madubi su gan su ba. Duk girgizar da tsohon ya haɗiye, ita ake mayar musu."

Na ce, "Ai ba a gaya musu ba."

Ya dube ni. "Wace uwa ce za ta faɗa?"

A ƙarshen layin ga Fijonmu, ta zauna ƙasa, ta yi kyau yadda nake so. Ba kowa a ciki, sai carbin Inna a kujerar baya. Na tambayi wa ake jira. Ya buɗe ƙofa ya ce, "Shiga ka ji."

Na zauna a wurin Inna. Motar ta kama hanyar asibiti. Da muka faɗa ramin nan na bakin kasuwa, wani zafi ya taso min daga ƙugu har ƙeya. Na ji bakina ya ce "Ya Salam," da muryar Inna.

Na ce, "Na ɗauka zikiri take yi."

"Zikiri ne. Ba ka dai lura da inda yake zuwa ba." Ya goge gilashin gefenta a hankali. "Lokacin da take da cikinka, kwanon ruwa nake ɗorawa a nan in zagaya gari. In ya zube, in koma wajen bakanike."

Na ɗauki carbin Inna na riƙe.

Ya ce, "Kada ka ce mata ka gan ni. Tambayarka za ta yi ko ina cin abinci."

Bugun gilashi ya tashe ni. Tsalha ne, yana sakace. Rigata ta jiƙe da gumi.

"Injiniya, sauko, za mu ɗaga ta."

Na ce, "Mai laushin za ka sa."

"A'a! Jamus fa?"

"Ita dai. Kuma in ka gama, ka ara min kwano."

Ya yi ta dariya, ban yi masa bayani ba. Kafin in fito, na miƙa hannu na karkata madubi, sai da kujerar baya ta fito sosai.