Tagar Kumbon Malam Dabo

"Boukari! Tsaya, kar ka yar da takardar nan!"

Iyatu ta bar ƙosai a cikin mai, ta bi shi da gudu tana riƙe da bakin zani. Boukari mai gyaran ƙananan baburan mobilet ya juyo baki cike, kafin ya haɗiye ta fizge takardar, ƙosai biyu suka faɗi ƙasa. Ba ta ko kalle su ba. Mai ya riga ya jiƙa takardar sharaf, amma ana ganin siraran layukan fensir da ƙananan lambobi. Hannun Malam Dabo ne.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Malam Dabo shekara ashirin da biyu. Mai yankan takarda ne a gidan ɗab'i kafin ya ajiye aiki, kuma tun can yake tara mata ragowar takardu a tagar zaurensa, ita kuwa ta kwasa ta naɗe ƙosai. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, 'yar ƙanwarsa Hadizatu ta zo jinya, ta share ɗaki, ta haɗa wasu takardu shida ta ɗora a tagar. Iyatu ta kwasa kamar kullum. Sai a ta shidan ta lura, biyar sun riga sun bi masu saye, wata kasuwa, wata unguwar Larlé.

Duk unguwar Zongo an san abin da takardun suke. Tun ranar da aka shafa wa katangun unguwar jan fenti, aka ce za a rushe su, Malam Dabo ya fara gina kumbo, irin jirgin da ke zuwa taurari. Da kwalin sukari da tsofaffin kalanda ya yi shi, tsinken tsintsiya ne haƙarƙarinsa, ƙaro ne abin liƙi. Ya fi hannu tsawo, hawa uku, ɗaki arba'in da ɗaya, kowane gida na layinsu da nasa.

"Tunda nan za a watsa mu, can ba mai raba mu," in ji shi.

Aka yi ta dariya, kuma muryar Iyatu ce a sama. Ta taɓa tambayarsa nata ɗakin, ya ce mai surutu a waje ake rataye ta. Yanzu kan kumbon kaɗai ya rage, inda matuƙi zai zauna. Sati uku ya yi yana zana shi a takardun nan shida, hannunsa kuwa yau ko kofi ba ya iya riƙewa.

Iyatu ta yi sallama ta shiga ɗakin Malam Dabo, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Matar da ba ta taɓa rasa abin faɗa ba, ranar sai da ta yi ta neman bakin magana.

"Malam, na yi maka ɓarna. Zanenka na naɗe ƙosai da shi."

Ya daɗe yana kallonta. Ta fi son ya yi faɗa, amma bai yi ba, hakan ya fi yi mata ciwo.

"Duka?"

"Wannan ce kawai na kamo a hannun Boukari."

Ya karɓa da kyar, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa don ya ga abin da ya saura. Sai dariya ta kama shi har ta koma tari.

"Hadizatu, zo ki gani! Haske na wucewa ta cikinta. Wata huɗu ina neman abin yin taga. Leda ta ƙi kama ƙaro, gilashi ya yi nauyi, ashe man Iyatu ne magani."

"Sauran biyar ɗin fa, Kawu?"

"Suna nan." Ya nuna kansa. "Hannu ne babu." Ya waigo wajen Iyatu. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Kwana uku a jere, da ta sauke kasko sai ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta zo ta zauna a tabarma. Yana kwance yana faɗar awo, ita tana yanka. Ba ta san santimita ba, sai suka koma awo da yatsa da faɗin ashana. Yankanta duk a karkace yake.

"Wannan kumbo ko unguwar Kamsaoghin ta nan kusa ba zai kai ba," ya ce.

"To ka tashi ka yi da kanka mana."

"Matsa da yatsa, uwar surutu, ba dambu kike murzawa ba."

A rana ta biyu ya sa ta yanka wani ɗan guntun takarda mai da'ira kamar ƙwayar wake, ta lotsa tsakiyarsa da kan tsinke. Ta tambayi amfaninsa, ya ce ba ruwanta. Sai bayan Iyatu ta tafi ya sa Hadizatu ta liƙa shi a cikin kumbon.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka zo kan tagar. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai ta sunkuya take jin sa. Ta shafa ƙaro a gefen takardar man, ta ɗora a gurbinta.

"Mai ba ya son ƙaro," ya ce. "Ki danne, kar ki saki sai na ce."

Ta danne da yatsu biyu. A waje ana loda kayan gidan maƙwabtansu su Tijjani a amalanke, tana jin ƙarar kwanuka. Ta ba shi labarin filin da aka ba ta can bayan unguwar Ouaga 2000, ba bishiya, ba maƙwabci, sai jan ƙasa. Yatsunta suka fara sagewa.

"Malam, in saki?"

Bai amsa ba. Ta sake tambaya ba tare da ta ɗago kai ba, don ta riga ta sani. Hadizatu ta shigo da kunu, ta ajiye kwanon a hankali, ta yi salati. Ta rufe masa ido, ta ja mayafi, sannan ta dafa kafaɗar Iyatu.

"Inna, ki saki."

"Bai ce ba," in ji Iyatu, hawaye na sauka a bayan hannunta.

Wata guda bayan haka aka rushe layinsu. A cinyarta ta ɗauko kumbon har sabon wuri, ta rataye shi da zare a ƙarƙashin rumfar da take suya. Kansa a karkace yake, kowa ya gani. Da hantsi rana takan ratsa tagar man, ta haska kujerar matuƙi da ba kowa a kanta, da ɗan kaskon suya na takarda kamar ƙwayar wake a gefenta.