Maraƙar Ciyawa

Yumtso ce ta ɗinke fatar da hannunta, kuma ba wanda zai ce ta yi baƙon abu. Duk mai kiwon yak, shanun nan masu dogon gashi na ƙasar sanyi, a wannan tsauni haka ya taso ya gani. In maraƙi ya mutu, sai a feɗe shi, a cusa wa fatar busasshiyar ciyawa, a barbaɗa gishiri a gadon bayan, a tsayar gaban uwar. Tana lasa, nono na sauka. Saniyar yak ba ta sakin nono sai ta ji ƙanshin ɗanta, ko da ɗan nan ciyawa ce a cikinsa.

Da shanu arba'in da ɗaya suka shiga hunturu, ita da mijinta Dargye. Dusar ƙanƙara ta binne wurin kiwo kwana ashirin, suka fito da shida: takarkarai huɗu, juya ɗaya, sai Karmo. Ita Karmo daga zuriyar saniyar da uwar Yumtso ta ba ta ranar aure ta fito, shekararta goma sha bakwai, haƙora duk sun cinye. Ta lallaɓa ta haifi mace a wannan masifar, maraƙar ta yi sati uku ta mutu.

Dargye ba mai yawan magana ba ne, sau ɗaya ya yanke. "In Karmo ta ɗauki ciki bana, mu zauna. In ba ta ɗauka ba, mu naɗe tanti mu sauka gari wurin ɗanmu. Ba a kiwo da takarkarai, tsohuwa."

Yumtso ta san garin. Gidajen bulo ne a jere masu lamba a ƙofa, tsofaffin makiyaya na zaune bakin titi suna kallon motoci har rana ta faɗi. Ta tsani wurin har cikin ranta.

Farkon watan bakwai, ciyawa ta yi kore, sai ga Metok a kan babur. Likitar dabbobi ce, 'yar makiyaya ita ma, tana bin tantuna tana ɗibar jinin shanu, wai suna binciken abin da ke sa su neman bijimi a ɗan lokaci guda kawai cikin shekara. Ta tarar da Yumtso tsugune tana tatsa, Karmo na lasar fatar. Ta ɗebi jinin, ta shafa haƙarƙarin saniyar, sannan ta ɓata fuska.

"Inna, wannan abin sai ki ɗauke shi."

"Wane abin? 'Yarta ce."

"Na sani, Inna, ai uwata ma haka take yi. Amma uwata tana da shanu talatin, in ɗaya ta tsallake shekara ba a ma lura. Ke ɗaya ce gare ki. Muddin tana lasar nan kina tatsarta, jikinta gaya mata yake tana da jariri. Akwai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa mahaifa ta cikin jini, shi ke buɗe ta. Ramammiyar saniya mai shayarwa, saƙon ba ya tashi. Ki bar ta ta ƙafe, ta yi ƙiba. Wata biyu ne kacal gare ki kafin lokacin ya wuce."

Dargye, wanda ke gefe yana murɗa igiya, ya ce, "Kin ji ko? Yarinyar da aka haifa jiya ta fi ki sanin saniyarki."

"Kai dai murɗa igiyarka," in ji Yumtso. "Yaushe ka taɓa kama hantsa da hannunka?"

Amma ta ji maganar. Washegari ta naɗe fatar a bargo ta tura bayan buhunan sha'ir.

Karmo ta zo wurin tatsa ta tsaya. Ta duba dama, ta duba hagu, ta fara wannan gurnanin nasu mai fitowa daga ƙirji. Ba ta bi sauran shanu kiwo ba. Wuni ta yi tana zagaye tantin tana cusa hanci ƙarƙashinsa, hantsarta ta kumbura nono na ɗiga a ƙasa. Kwana na biyu ko ruwa ba ta sha ba. Yumtso ta dama garin sha'ir da shayi, ta kasa kai shi baki. Ita ma ta taɓa binne jaririya, ta san yadda ƙirji ke yi in ya cika ba mai sha.

Kwana na uku ta jawo bargon.

"Sati ɗaya kawai," ta ce wa Dargye, ba ta kalle shi ba. "In ta ƙi cin abinci ta mutu, wa zai haifa mana? Bari hankalinta ya kwanta tukuna."

Satin ya zama biyu. Kuma gaskiya ɗaya ce, ba tausayi kaɗai ba ne. Man shanu ya fara taruwa a salka, shayinsu ya daina zama ruwan banza, fitilar gaban wurin ibada ta samu man ta sake ci. Kullum da safe Yumtso sai ta ce gobe. Ta ƙara gwada ɓoye fatar a watan takwas, wuni ɗaya ta iya.

Suka aro bijimi daga maƙwabta, baƙi ƙato mai gashi har ƙasa. Ya zo ya shinshina Karmo, ya ɗaga kai sama, ya juya ya kama cin ciyawarsa. Kwana goma sha biyu yana tare da su bai ƙara kallon ta ba. Mai shi ya zo ya kora abinsa, ya ce ko bijimin ma ya san mai jego.

Da Metok ta dawo, tsaunin ya riga ya yi ja, ruwan rafi na kwana da ƙanƙara a baki. Tun kafin ta kashe babur ta hango fatar tsaye a turke. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi wa Yumtso sauƙi.

"'Yar nan, ai kuna da allura," in ji Yumtso. "An ce kuna yi musu su nemi bijimi ko ba sa so."

"Akwai, Inna. Amma allura tashin mai gyangyaɗi take yi, ba mai barci mai nauyi ba." Metok ta zaro takarda daga jaka, ta mayar ba ta buɗe ba. "Jinin da na ɗiba a watan bakwai, na gwada. Saura ƙiris ta buɗe a lokacin. Irin jininta ma mai saurin dawowa ne, ba kowace saniya ke gadon haka ba, shi ya sa zuriyarki ba ta taɓa yankewa ba. Da ta samu sati uku ba tatsa..." Ta sa hannu ta laluba saniyar, ta daɗe. "Yanzu rana ta gajarta, ciyawa ta mutu, ta fi da ramewa. Komai ya rufe."

"To baɗi."

Metok ta buɗe bakin Karmo ta nuna mata dasashi. Yumtso ba ta bukatar a nuna mata. Saniyar da ba ta da haƙoran tsinkar ciyawa ƙarƙashin ƙanƙara ba ta da wani baɗi.

Dargye bai ce ai na gaya miki ba. Ya raka likita har wurin babur, ya dawo ya tsaya yana duban igiyoyin tantin ɗaya bayan ɗaya, yana lissafin wacce zai fara kwancewa. Yumtso ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Ƙanƙara ta kashe arba'in ba biyar, na ƙarshen kuwa, cikin da Karmo ba ta ɗauka ba, ita da allurarta da zarenta ta ɗinke shi.

Da safe Karmo ta zo turke kamar kullum ta tsaya tana jira. Yumtso ta ɗauki fatar da niyyar kai ta bayan dutse, gashin bayan duk ya kaɗe saboda lasa. Ta yi taku uku, ta ji gurnani a bayanta. Yanzu kuma me za a ceta? Ta dawo ta tsayar da ita, ta barbaɗa gishiri, ta tsuguna ta jingina goshi da cikin saniyar da babu kowa a ciki.

Nono ya sauko mai ɗumi har bokitin ya cika. A bayanta ta ji Dargye ya fara buga turkun tanti yana cirewa.