Minti Goma na Kawu

Tun safe Injiniya take a ɗakin na'ura a kamfanin kawunta, tana ɗora sabuwar manhajar tsaro. Duk abin da manhajar ke buƙata ta tanada, amma duk ma'aikacin da ya sa lambar shiga da wayarsa ta ba shi, sai na'urar ta ƙi karɓa. Kawu ya ba ta zuwa azahar. In abin bai tashi ba, a koma tsohon tsari.

Ya leƙo da kofin shayi a hannu.

"'Yar boko, har yanzu ƙofar taki ba ta gane mai gida ba?"

Ta dubi agogon na'urar, ta dubi na wayarta. Minti goma ne tsakaninsu.

"Kawu, wa ya taɓa agogon nan?"

"Ni mana. Kowane agogo a nan na tura shi gaba, don mutane su daina makara."

"Ai lambar rabin minti take yi ta mutu. Na'urar gani take duk sun tsufa."

Ta gyara lokacin. Sakatariya ta sa lambarta, allo ya buɗe.

Kawu ya kurɓi shayinsa. "To, madalla. Amma na bango kada ki taɓa min."