Ban Taɓa Ba, Yaya

A gidan ɗaga ƙarfe akwai doka guda da ba a manna ta a bango ba. In mutum ya kwanta a benci zai tura ƙarfe daga ƙirjinsa, wanda ya tsaya masa a kai ba ya taɓa sandar sai ya ji an ce “karɓa”. Yana iya kai hannuwansa kusa, ya bi sandar sama da ƙasa, ya yi ta ihu son ransa, amma taɓawa babu. Ni na koya wa ƙanena Auta wannan doka da bakina.

Katako ake ce mini, saboda faɗin ƙirjina, kuma da shi nake ciyar da iyalina. Kamfanin tsaro nake wa aiki, ni ake tsayarwa a ƙofar ɗakin taro. Ban taɓa dukan kowa ba. Masu neman rigima in suka ɗaga kai suka ga maɓallan rigata na shirin tsinkewa, sai su tuna suna da uzuri a gida.

Wata safiya ina tsakiyar turawa na ji wani abu ya kece a ƙirjina na hagu kamar tsohon zane. Likita ya ɗinke tsokar, na yi watanni hannuna rataye a wuya. Ranar da ya sallame ni ya ce, “Sanda kawai za ka fara turawa, ba farantin nauyi ko ɗaya a jikinta. Kada ka ƙara nauyi sai wanda kake kai ya zame maka wasa.” Kamfani kuma suka ce gurbina na nan har gwajin ƙarshen shekara, inda kowa zai kwanta ya tura nauyin jikinsa. Wanda ya kasa sai ya miƙa rigar aiki.

Auta mai facin taya ne. Siriri ne, in ka gan shi sai ka ce iska za ta kwashe shi, amma hannun da ke raba taya da ƙarfenta ba hannun wasa ba ne. Kullum da safe kafin ya buɗe rumfarsa yakan zo ya tsaya mini.

Ranar farko, sandar da ba komai a kanta ta gagare ni. Hannuna na hagu ya yi ta rawa, sandar ta karkace. Na tashi na dubi madubin nan mai tsaga na bango, ƙirjin dama na nan, na hagu ya lotsa kamar matashin da aka cire wa auduga. Ni, Katako, na zauna a bakin benci na yi kuka a gaban ƙanena. Ruwa kawai ya miƙo mini.

Washegari sai ƙarfen ya tafi sama. Ni tun asali in nauyi ya danne ni runtse ido nake yi. Na runtse, na tura, a tsakiyar hanya na ji wani sauƙi ya zo, sandar ta miƙe.

“Kai kake yi, Yaya!” in ji Auta. “Ban taɓa ba!”

Daga nan na fara ƙara faranti. Duk wanda na ɗora sai ya tafi, kuma likita ai cewa ya yi in ƙara in ya zama wasa. Ga shi ya zama wasa. Ƙirjin kan yi mini zugi bayan na gama, na ce tsoka ce ke farkawa. Madubi bai nuna mini wani canji ba, na ce madubin ne maƙaryaci, da ma a fashe yake.

Mai gidan ƙarfen ya taɓa jan ni gefe. “Katako, ka bi a hankali. Ka buɗe ido kana turawa mana.” Na ɗauka hassada ce, na ce masa ya je ya kula da masu tumbi da ke jiran sa. Matata ma ta ce ta ga Auta yana shafa man zafi a wuyan hannu, kofin shayi ma da ƙyar yake riƙewa. Na kwashe da dariya, na tsokane shi. “Ni ke ɗagawa, kai ke gumi. Ragon banza!” Ya yi murmushi yana kallon ƙasa.

Ranar gwaji aka ajiye benci a ƙarƙashin rumfa a harabar kamfani. Ba a yarda kowa ya zo da nasa mutum ba. Wanda ya tsaya mini wani tsohon abokin aiki ne, mutumin kirki, ya san doka sarai. Na sauke sandar kan ƙirjina, na runtse ido, na tura. Ta taso kaɗan ta tsaya. Na jira sauƙin nan da ke zuwa mini a tsakiyar hanya, wanda na ɗauka ƙarfina ne. Bai zo ba.

“Ka ce karɓa, Katako,” in ji shi a kaina.

Ban ce ba. Na cije, na ƙara turawa, na ji kecewar nan ta dawo a daidai inda aka ɗinke.

Likita bai yi mini faɗa ba, na so a ce ya yi. Cewa ya yi tsokar ta yage a kan ɗinki, abin da ya rage ba zai riƙe zare yadda ya kamata ba. Hannun zai yi wanka, zai ɗauki cokali, amma ni da ƙarfe mun rabu.

Auta na tsaye jikin taga. Da likitan ya fita na ce, “Tun yaushe?”

“Tun ranar da ka yi kuka, Yaya.”

“Da me?”

“Da farko yatsa biyu ne. Da ka ƙara faranti sai na sa hannu duka.” Ya dubi wuyan hannunsa. “Kullum ina cewa yau zan gaya maka. Sai ka tashi daga bencin kana dariya.”

Na so in tsane shi, wallahi na so. Da ya bar ni da sandar nan marar komai, da na sha kunyata na warke a hankali, ko ban ci gwajin bana ba da ina da ƙirjin da zan koma da shi baɗi. Amma ta yaya mutum zai tsani wanda ya kashe wuyan hannunsa don kada ya ga hawayensa? Ba ni da wanda zan yi fushi da shi, abin da ya fi ci na ke nan.

Matata ce ta wanke rigar aikin ta goge, ta mayar wa kamfani.

Yanzu ba na duba madubi. Auta bai daina zuwa da safe ba, sai dai riga yake sa mini, don hannun ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Jiya ya tura mini hannun riga, na runtse ido saboda zafi, na ji tafinsa a ƙarƙashin gwiwar hannuna yana ɗaga ta a hankali. Hannun ya shige.

“Kai ka yi, Yaya,” ya ce, bakinsa ya riga ya saba. “Ban taɓa...”

Na buɗe ido. Hannunsa na nan inda yake.