Kakanni Bakwai na Orazgali

Mahaifina Orazgali bai taɓa sanin sunan kakansa ba. A nan Karaganda, garinmu na Kazakawa, yaro ɗan shekara shida ma idan ka tsayar da shi zai jero maka kakanninsa bakwai kafin ya ja numfashi. A al'adarmu ba a aure tsakanin waɗanda suka haɗa kaka a cikin bakwai ɗin nan. Shi kuwa Baba suna ɗaya yake da shi, na mahaifinsa Tabildi, wanda aka tsinta a tashar jirgin ƙasa a shekarar yunwa, 1932, yana ɗan kimanin shekara huɗu. Ma'aikatan gidan marayu ne suka raɗa masa sunan. Daga shi babu kowa a baya.

Shekara saba'in da uku Baba ya yi da wannan abu bai dame shi a fili ba, sai ranar da muka je nema wa ɗana Yerkin auren Togjan. An cika tebur da naman doki da soyayyen burodinmu na baursak, ana ta zuba shayi. Kakan yarinyar, wani dattijo mai suna Sarsenbay, ya goge hannunsa ya dubi Baba.

"To, suruki, ku 'ya'yan wa ne? A jero mana mu ji, kada mu je mu aurar da 'yar'uwa ga ɗan'uwanta."

Baba ya ce, "Ni ɗan Tabildi ne."

Kowa yana jiran saura. Babu saura. Sarsenbay mutumin kirki ne, nan da nan ya yi dariya ya ce, "Ba komai, yunwa ta cinye sunaye da yawa. A ci nama." Aka ci gaba da hira, amma Baba bai sake kai komai bakinsa ba.

A mota muna komawa ya ce mini, "Kuanish, an ce yanzu akwai masu nemo wa mutum asalinsa a intanet."

"Akwai su, Baba. Amma kuɗi suke karɓa."

"Na ce maka kyauta nake nema? Fanshona na ajiye wa uban wa?"

Ni kanikancin motocin haya nake yi, ban san kan waɗannan abubuwa ba. Sati biyu ina dawowa daga gareji in zauna gaban kwamfuta, Baba a gefena da tabarau yana numfashi a wuyana. Kamfani uku muka tace. Na farko na ƙasar waje ne, duk wata ake biya, suna alfahari da biliyoyin sunaye. Na biyu tofa yawu ake yi a 'yar kwalba a aika musu, su gaya maka jininka. Na uku na nan gida ne, a Almaty, sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa cikin kwana goma za su miƙa maka kakanninka bakwai.

Na ce mu fara da na ƙasar waje, tun da sun fi yawan takardu. Baba ya ce, "Kakana makiyayi ne, bai taɓa ganin teku ba. Me zai kai sunansa wurinsu?" Gaskiyarsa. Wata uku muka biya, abin da ke ciki rajistar coci-coci ne da sunayen fasinjojin jiragen ruwa. Na rubuta Tabildi ta kowace irin hanya, ko ɗaya bai fito ba.

Na yawun ya ɗauki wata biyu. Da sakamakon ya zo na karanta masa: kusan dukan jininsa na Tsakiyar Asiya ne.

"Wato tenge dubu sittin na biya a gaya mini ni Bakazake ne? Ai da madubi na duba."

Sun haɗa mu da wata mata a Mongoliya, wai akwai dangantaka ta nesa. Na rubuta mata, Baba yana tambayata safe da yamma ko ta amsa. Da amsar ta zo, cewa ta yi ita ma nema take, ta yi zaton mu ne za mu gaya mata.

Saura na Almaty. Ni ban yarda da su ba, amma Baba ya riga ya rame, ya daina zuwa wasan dara da abokansa. Na biya. Ranar kwana na tara aka kawo wata takarda mai kauri da zanen bishiya, an yi mata ado da ruwan zinariya. Tabildi ɗan Jumabek, ɗan Esirkep, ɗan Karatay, har bakwai cif. Baba ya karɓe ta. Ya karanta sunayen a hankali, ya sake karantawa, sannan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Mun ji shi yana yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Washegari daga gareji na kira lambar da ke ƙasan takardar. Wani mutum ya ɗauka yana tauna abinci.

"Malam, a wace takarda kuka ga cewa Tabildi ɗan Jumabek ne?"

"Yallaɓai, ai a tashar da ka ambata aka tsince shi, ko? To mutanen wannan yanki zuri'a ɗaya ce. Mun duba wanda ya rasa 'ya'ya a shekarar, muka ga ya dace."

"Ya dace? Wato zato kuka yi."

"Tsohon bai ji daɗi ba? To me kuma kake so?"

Na kashe wayar. Na yi niyyar gaya wa Baba, amma da na koma gida na tarar ya sa takardar a gilashi ya rataye a falo, yana cin abinci kamar wanda ya tashi daga jinya. Na fasa gaya masa.

Saura sati uku biki, iyayen Togjan suka kawo mana ziyara tare da ita da Sarsenbay da matarsa. Ba a gama zagayen shayi na farko ba Baba ya miƙe tsaye, ya gyara hularsa.

"Suruki, rannan ka tambaye ni ban ba ka amsa ba. Yau ga ta."

Ya jero su da ka, ko takardar bai kalla ba. Ina kallon Sarsenbay, sai na ga murmushinsa yana gushewa.

"Ka ce Esirkep ɗan Karatay?"

"Shi fa."

"Karatay ai kakan kakana ne. Idan haka ne, yaran nan jini ɗaya ne, ba su kai bakwai ba. Wannan aure ba zai yiwu ba."

Togjan ta rufe bakinta da hannu. Yerkin ya juyo yana kallona, fuskarsa ta yi fari fat. Baba kuwa bai gane abin da ya faru ba tukuna, farin ciki yake yi ya sami dangi, har ya miƙa wa Sarsenbay hannu biyu.

Na ce, "Takardar ƙarya ce."

Baba ya ce, "Me ka ce?"

Na faɗi yadda muka yi da mutumin Almaty, ban rage komai ba. Ban iya kallon Baba ba, teburin nake kallo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun washegarin da aka kawo ta."

"Ka bar ni ina yi wa kakannin mutane addu'a wata guda."

Ya zauna. Sarsenbay ya yi ta ƙoƙarin gyara magana, yana cewa addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, matarsa tana ƙara wa kowa shayin da ba mai sha. Ba su daɗe ba suka tafi.

An yi biki lafiya. Da aka miƙa wa Baba makirifo ya sa wa ango da amarya albarka, kalma biyar ya faɗa ya mayar.

Bayan bikin na rubuta wa gidan ajiye tsofaffin takardu na jiha, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Sai da sanyi ya shiga amsa ta zo, hoton shafi ɗaya daga littafin gidan marayun. Na kai wa Baba yana zaune a kicin, na karanta masa layin da aka ja wa jan biro: namiji, kimanin shekara huɗu, ba a san suna ba, ba a san iyaye ba, ba ya magana.

Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta. A saman layin da ƙasansa akwai wasu yara ashirin da wani abu, kusan duk haka aka rubuta musu.

"Ta yaya suka san wannan ne mahaifina?"

"Ranar da aka tsince shi ce ta yi daidai, Baba. Da tashar."

"Su ma zato ke nan."

Na ce akwai wani kamfani kuma da na gani, na Mosko, an ce suna da takardun jiragen ƙasa na lokacin. Ya girgiza kai, ya ninke takardar gida huɗu ya miƙo mini.

"Bar shi haka, Kuanish. Ka kashe kwamfutar nan."