Yoyo a Achida

Buhun albasa uku a but ɗin mota. Jarkar man shanu. Buta, tabarma, ƙullin wandunan canji. Leda ninki biyu a shimfiɗe kan kujerar baya. A kan ledar, Malam Mode.

Da hantsi suka baro Goronyo, suka wuce Wurno ba su tsaya ba. Sale ke tuƙi, babban ɗan tsohon, ɗan kwangilar yashe hanyoyin ruwan dam. Motar 'yar Kwatano ce mai turbo, bai daɗe da sayenta ba. Ƙanwarsa Laraba na baya kusa da mahaifinsu.

Fitsari ne ya sa tsohon gaba. In ya tsuguna ya ƙi fita, in ya miƙe ya yi ta ɗiga. Likitan wannan ciwo a Sakkwato ranar Talata kawai yake zama, da azahar kuma ya tashi. Yau Talata.

A Achida Sale ya kashe mota ya sayo tsire. Da ya dawo ya zauna sai ya ja hanci.

"Baba, ka kuma?"

"Ban yi ba."

"Wari nika ji."

"Yaya Sale, rabonai da ruwa tun la'asar ɗin jiya," in ji Laraba. "Don kujerag ga taka."

Sale ya murza makulli. Inji ya yi ta gurnani, bai kama ba. Ya sake. Ya sake, har batir ya fara sanyi. Ya daki sitiyari.

Masu tsire uku suka tura motar zuwa rumfar Ephraim, bakanike mutumin Kafanchan da ya fara da gyaran injinan ban-ruwa. Ya leƙa ta taga ya gaida tsohon tukuna, sannan ya ɗaga bonet.

"Alhaji, haka take yi kullum?" ya tambayi Sale.

"In ta tsaya da zahi, sai an sha wuya. In tat tashi kuma, baƙin hayaƙi."

Ephraim ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya shinshina, ya miƙa wa Sale.

"Ga warinka. Fetur ne ya gauraya da mai."

Sale ya shinshina. Bai waiwayi baya ba.

Bakaniken ya kwance fulogai. Biyu a bushe, biyu sun jiƙe sharkaf. Ya ciro injektoci masu fesa wa inji fetur tare da bututunsu, ya sa kwali a ƙarƙashi, ya ce a murza makulli rabi, kada a tayar. Suka tsaya kallo. A bakin na biyu ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗi. Na uku ma haka. Kwali ya yi tabo biyu.

"Ka gani? Aikinsu su fesa, su rufe baki. Waɗannan ba sa rufewa. Ka kashe mota, su suna nan suna ɗiga, inji ya cika da fetur. Ina zai tashi?"

Sale ya yi dariya, har da riƙe ƙugu.

"Baba, ka ji? Ciwonku guda da ita. Ko kai kas shahwa mata?"

Masu tsire biyu suka tuntsire. Na ukun ya koma wurin wutarsa. Malam Mode ya ce wa Laraba a hankali ta miƙo buta. Ya fita yana dafa jikin mota, ya nufi bayan katangar wani kango.

"Ana gyaransu?" Sale ya tambaya.

"Canzawa ake yi, kuma sai Sakkwato. Abin tsoron turbo ne, Alhaji. Da man nan yake rayuwa. Mai ya tsinke ya zama ruwa, in ka matsa mata zai ƙone."

Dariyar ta ɗauke. Sale ya ɗora tafin hannu a kan motar, ya shafa.

"To mi za a yi?"

"Zan tayar maka. Kada ka kashe sai gareji. Ka bi ta a hankali, kada ta yi nishi. Yau ɗin nan a juye mai."

Ephraim ya busar da fulogai, ya mayar da komai, ya taka totur har ƙasa ya murza. Ta yi tari, ta kama. Hayaƙi ya rufe rumfar.

Sale ya shiga. Ya dubi katangar. Babu motsi.

"Kira shi," ya ce wa Laraba.

"Ka san ba shi hita da sauri."

"Kin ji an ce kar ta yi nishi. Nauyi ya yi yawa."

"Alhaji, ban ce nauyi ba," in ji Ephraim.

"Da kai nika magana?"

"To a sauke albasa," in ji Laraba. "In mun dawo mu ɗauka."

"Albasad daraktan dam ta. Shina jira."

Sale ya fito, ya buɗe ƙofar baya. Ya jefo tabarma, ya jefo ƙullin wanduna. Ledar ya ɗauko da yatsa biyu, ya duba ƙarƙashinta. Kujera a bushe take. Ya yar da ledar a ƙasa.

"Yaya, rana ta yi tsaka. Motocin haya cike suka wucewa. In likita yat tashi sai wani mako, kuma ka ga ƙahwahunai sun kumbura."

Malam Mode ya fito daga bayan katanga, buta a hannu, ɗaya hannun riƙe da mazagin wando. Yana sauri iyakar ƙarfinsa.

"Ga ni, Sale. Bai hita ba, amma mu tahi."

Ya iso ya ga kayansa a ƙasa. Ya miƙa hannu ga ƙofar da ke buɗe.

Sale ya riga shi. Ya tura ta ta rufe.

"Mai yoyo guda za ni kaiwa Sakkwato," ya ce yana dafa motar, "kuma ita ta."