Atamfar Inna Saffana

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta. To, ta zo.

Hajiya Yalwa 'yar kasuwar Kwari ce, ta saba da birnin Guangzhou na ƙasar Sin kamar Fagge. Amma a wannan zuwan ba sari kaɗai ya kawo ta ba. Ta hau benen kasuwar Tianxiu, ta shiga shagon wani Basine mai kwafar zanen atamfa, ta ajiye masa tsohon hoto.

Yara huɗu ne a hoton, a ƙofar wani ɗaki cikin barikin soja a Kaduna, lokacin yaƙin basasa. Dogon layi ne na ɗakunan kwano, famfo ɗaya, mata suna girki a murhu guda suna jiran labarin mazajensu. Mahaifin Yalwa bai dawo ba, mahaifiyarta kuma ta rasu wurin haihuwa. A ƙa'ida, sai a karɓe ɗaki, a fitar da Yalwa daga bariki. Maƙwabciyarsu Inna Saffana ta kwance atamfarta ɗaya tilo, ta ɗinka wa 'ya'yanta uku da Yalwa anko, don mai zagayen bariki ya ƙirga ta cikin nata. Haka kuwa aka yi.

Yanzu Inna ta tsufa, ta daina gane mutane. Yalwa na so ta yi mata godiya ta ji, tun da sauran lokaci.

"Lawban, wannan zanen nake so," in ji Yalwa, don haka ake kiran mai shago a can.

Mai shagon ya ƙura wa hoton ido, ya nuna ganyayyakin da ke jikin rigunan. Zai iya. Amma wane launi? Hoton baƙi da fari ne. Yalwa ta sake duba hoton. Wallahi ta manta! Ta ce shuɗi.

Da samfur ya fito, ta kira Ghali, babban ɗan Inna, ta bidiyo.

"Yaya, duba min."

"Ke Yalwa, kore ne fa. Tsufa ya kama ki."

"Ji wai! Kai da ka yage taka a bishiyar mangwaro?"

Suna cikin musu, sai tsohuwar da ke kwance gefensa ta miƙo hannu. Ghali ya matsa mata da wayar. Ta daɗe tana kallo.

"Ja ne," in ji ta. "Ja ne, Yalwa. Ke dai tun kina yarinya ba ki da lura."

Yalwa ta durƙusa nan tsakiyar shagon. "Inna, na gode. Allah Ya saka miki da Aljanna."

"Kin ci abinci kuwa?" in ji Inna.

Mai shagon bai ji ko kalma ba, amma ya ɗauko mata kujera da shayi. Da ta nuna masa launin, ya sake buga zanen da ja.

Ƙurunƙus, ta tsaya nan. Inna ta ɗaura atamfar da ƙaramar Sallah, ta rasu kafin babba. Ghali ya rataye hoton a zaurensa. Yalwa tana nan tana zuwa sari, kuma duk zuwa sai ta kai wa mai shagon dabino.